ASUS, MSI, Gigabyte ko ASRock: Wane Madabod Ne Ba Zai Ba Ka Kunya Ba?

Akwai wata tambaya da nake yawan sha daga masu shirin haɗa kwamfutar tebur, kuma kusan kullum da siga ɗaya take zuwa: “Malam, tsakanin ASUS da MSI da Gigabyte wanne ne ba ya lalacewa?” Mafi yawan lokaci mai tambayar ya riga ya zaɓi furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ya zaɓi katin girafik mai fitar da hoto, ya zaɓi ram mai riƙe aikin da ake kan yi, ɗan abin da ya rage a aljihu ne yake so ya sayi madabod da shi, so yake in ambata masa suna ɗaya ya je ya ɗauko mafi araha a kayan wannan kamfanin hankalinsa kwance. To gaskiya ba na iya ba shi wannan amsar, kuma ba rowa ba ce, tambayar ce ta zo a karkace. Kowanne daga cikin kamfanonin nan yana da bod ɗin da zai yi maka shekara takwas ba ka ji ko tari ba, kuma kowannensu yana da wanda ni ba zan yarda a ɗora masa babbar furosesa ba ko da kyauta aka ba ni.

Madabod dai shi ne wannan faffaɗan allon da ke cikin gidan kwamfuta, furosesa a kansa take zama, ram a kansa, katin girafik, SSD mai ajiye fayiloli, fankoki, duk wayoyin da suka fito daga fawa saflai, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, nan suke zuwa su sauke wutarsu. Shi ya sa matsalarsa ta fi ta kowane kaya ɗaci. Ram in ya mutu minti biyu ka zare ka soka wani. Amma bod in ya samu matsala sai ka kwance komai da komai, ka cire na'urar sanyaya furosesa, ka goge man da ke kanta, ka warware tulin wayoyi, kuma wannan ma in ka gane shi ne mai laifin kenan, don sau da yawa ba mutuwar farat ɗaya yake yi ba. Yau kwamfuta ta ɗauke tana tsakar aiki, gobe ta ƙi ganin ram ɗaya, jibi ramin USB ya riƙa yankewa yana dawowa, ka yi ta zargin Windows kana sake lodawa alhali ciwon yana can ƙasa.

Manyan kamfanonin da ke riƙe da wannan kasuwa huɗu ne, kuma dukkansu na Taiwan ne. MSI da Gigabyte a 1986 aka kafa su. ASUS ta zo a 1989, wasu injiniyoyi huɗu ne da suka yi aiki a Acer suka kafa ta a birnin Taipei. ASRock ita ce autarsu, a 2002 ta fito daga cikin ASUS don ta riƙa yin bod masu sauƙin kuɗi, daga baya ta koma ƙarƙashin Pegatron, yanzu kuwa har manyan bod take yi. Akwai Biostar ita ma ta Taiwan, tsohuwa ce a harkar amma ba ta kai waɗancan yaɗuwa ba. Intel da kanta ta taɓa yin madabod na tebur, a 2013 ta sanar za ta daina.

Ga abin da ya kamata a fara ganewa: babu ɗaya a cikin huɗun nan da ke ƙera cifset, wato wannan ƙaramin guntun da ke tsara zirga-zirga tsakanin furosesa da sauran kaya. Intel da AMD ne ke ba su. Don haka in ka ga B650 a jikin kwalin MSI, ka ga B650 a na Gigabyte, cifset ɗaya ne a ciki, haka B760 ko Z790 a ɓangaren Intel. Soket ɗin da furosesa ke zama a ciki shi ma tsarin Intel ne ko na AMD. Shi ya sa furosesa ɗaya a kan bod biyu masu lafiya, gudunta kusan ɗaya yake fitowa, wanda ya ce maka wani kamfani zai ninka maka gudu talla yake karanta maka. Aikin kamfanin bod shi ne abin da ya kewaye cifset ɗin: yadda ya tsara hanyar wuta, ingancin ƙananan kayan da ya manna, kaurin allon da yawan shimfiɗun tagullar da ke cikinsa, sai kuma bayos, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, da yadda yake ci gaba da gyara shi bayan ya karɓi kuɗinka.

Kuma kowane kamfani hawa-hawa yake jera kayansa. ASUS tana da Prime a ƙasa, TUF a tsakiya, ROG a sama, da ProArt na masu aikin zane da bidiyo. MSI tana da PRO, da MAG, da MPG, da MEG. Gigabyte tana da su UD da Gaming, sannan Aorus. ASRock tana da Pro, Steel Legend, Phantom Gaming da Taichi. Tazarar da ke tsakanin na ƙasa da na sama a cikin kamfani ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin kamfani biyu a hawa ɗaya nisa ba kaɗan ba. Kama da wane dai ba ta wane, tambari ɗaya ne a kwali amma kayan ciki daban.

Bari mu zauna a kan maganar wuta, don nan ne ake cin mutane. Fawa saflai tana turo wa furosesa bolt 12 ta wannan wayar mai baki takwas da ake sokawa a saman bod ta hagu. Ita kuwa furosesa ba ta shan bolt 12, abin da take buƙata bai wuce bolt ɗaya da ɗan wani abu ba. Sashen da ke sauko da wutar shi ake kira VRM, in ka dubi kewayen soket za ka ga wasu ƙananan dunƙulallun murabba'ai baƙaƙe ko ruwan toka a jere, bayansu akwai ƙananan guntaye masu kunna wuta da kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, sai kafasitoci masu daidaita ta. Yanzu yi lissafi da kanka. Furosesar da ke jan wat 200 a kan bolt 1.25, amfiya 160 kenan ke ratsawa ta wannan ɗan wurin da bai kai tafin hannu ba. Dole ya yi zafi. Bod mai kyau yana raba wannan nauyin a kan layuka da yawa, shi ne lambobin da kake gani kamar 12+2+1, sannan ya ɗora musu dunƙulen ƙarfen alminiyam mai tsaga-tsaga ya riƙa janye zafin. Bod na can ƙasa kuwa layukan kaɗan ne, wani lokacin ma tsirara suke ba ko ƙarfe a kansu.

Inda tarkon yake shi ne soket ba ya hana ka. Bod mai cifset H610 da mai Z790 duk soket LGA1700 gare su, za ka iya ɗaukar Core i9, babbar furosesar Intel, ka zaunar a kan H610, cifset na can ƙasa, ta shiga daidai, a lokuta da yawa ma kwamfutar ta tashi lafiya ƙalau. Na taɓa duba wa wani matashi mai haɗa bidiyo kwamfutarsa, kukansa shi ne in ya fara fitar da bidiyo minti goma na farko gudu take kamar me, daga nan sai ta koma tafiyar hawainiya. Ya canza man furosesa, ya sayi sabuwar na'urar sanyayawa, ba abin da ya sauya. Muka buɗe manhajar HWiNFO muna kallo, zafin furosesa daidai yake, amma layin VRM yana ta hawa har ya haura digiri 100, yana kaiwa nan sai ka ga gudun furosesa ya faɗo ƙasa warwas. Da na leƙa ciki da tocila, guntayen nan a fili suke ba ƙarfe, allon da ke kewayensu har ya ɗan yi duhu. Muka ɗauko ƙaramar fanka muka saita ta tana busa wurin kai tsaye, nan take aikin ya miƙe. Kuma bod ɗin nan na babban kamfani ne wanda kowa ya san sunansa, shi ma yaron saboda sunan ya saya. Bod ɗin bai yi laifi ba, don ƙaramar furosesa aka yi shi, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa ne.

Sai dai kar yawan lambar layuka ta ruɗe ka ita ma, don kamfanoni na da hanyoyin ƙirga su da ke sa lambar ta kumbura a takarda. Layi takwas masu ingantattun guntaye da ƙarfe mai nauyi sun fi sha huɗu na jabu. Abin da ya fi amfani shi ne ka nemo gwajin da masu bitar kaya suka yi wa ainihin wannan samfurin, inda suka manna masa ma'aunin zafi suka bar furosesa tana aiki awa guda. In furosesarka irin su Ryzen 5 ta AMD ce ko Core i5 ta Intel, kusan kowane bod na tsakiya mai ƙarfe a kan VRM ya wadatar, ba ka buƙatar na ƙololuwa. Haka fitilun nan masu canza launi da robobin ado da ake rufe bod da su, ba su da alaƙa da ƙarko, wani bod ɗin kyan ɗan maciji ne kawai.

Wasu tsofaffin hannu har yanzu da tarihin kafasita suke auna kamfani, kuma ina fahimtarsu. A farkon shekarun 2000 an yi wata annoba ta kafasitoci masu gurɓataccen ruwan sinadari, ta shafi kamfanoni da yawa har da masu sayar da haɗaɗɗiyar kwamfuta. Za ka buɗe kwamfuta ka ga kan kafasitar, inda aka yi tsaga kamar X ko K, ya kumburo kamar zai fashe, wani ma ya tsiyayar da abu ruwan ƙasa ya bushe a jiki. Daga tsakiyar shekarun ne kamfanoni suka koma kafasita mai daskararren sinadari, kuma yau kusan duk bod ɗin manyan nan huɗu da ita yake zuwa. To wanda wani kamfani ya ƙona shi a 2003 yana da hujjar jin haushi, amma wannan labarin ba ya gaya maka komai game da bod ɗin da ake ƙerawa yanzu.

Abin da ke raba kamfanoni a wannan zamanin, a ganina, bayos ne. Shi ne ƙaramar manhajar da ke cikin bod ɗin kanta, ita ke tashi kafin Windows, ita ke gane furosesa, ta gwada ram, ta yanke yawan wutar da za a ba kowa. Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shekarun baya-bayan nan sun nuna haka ƙarara.

A watan Afrilun 2023 aka fara ganin hotunan furosesoshin Ryzen 7000, musamman 7800X3D, sun kumbura ta ƙasa soket ya babbake. Da aka bi diddigi sai aka gano wutar da wasu bod ke ba wani sashe na furosesar da ake kira SoC ta yi yawa, musamman in an kunna EXPO don ram ya yi cikakken gudunsa. AMD ta fitar da gyara ta ƙayyade wutar kar ta wuce bolt 1.3, kamfanoni suka sa a sabon bayos. ASUS ce ta fi shan suka a lokacin, har da batun wani gargaɗi da ta liƙa a bayos na gwaji wanda ya sa mutane suka ɗauka garantinsu zai faɗi, daga baya ta fito ta ce garanti na nan. A shekarar dai, kamfanin tsaro na Eclypsium ya bankaɗo cewa samfuran Gigabyte sama da 200 suna da wani tsari a bayos da ke dasa manhajar sabuntawa a Windows, tana sauko da kaya daga intanet ta hanyar da ba ta da cikakken tsaro, Gigabyte ta fitar da gyara cikin 'yan kwanaki. MSI kuma a 2023 ɗin nan masu kutse suka shiga rumbunta har mabuɗan sirrin da ake tabbatar da sahihancin manhajar bod da su suka fita waje. A 2025 sai ga rahotannin furosesoshin Ryzen 9000 suna mutuwa a kan bod ɗin ASRock, ita ma ta yi ta fitar da sabbin bayos. Ka ga duka huɗun kenan, ba wanda bai yi tuntuɓe ba.

Ɓangaren Intel ma bai tsira ba. A 2024 furosesoshin zubi na 13 da na 14, musamman Core i9 da i7, suka riƙa rikicewa suna rufe wasanni da manhajoji. Intel ta amsa cewa furosesar na neman wutar da ta wuce kima har tana lalata kanta a hankali, sannan kamfanonin bod da yawa sun saba sakin iyakar wuta a buɗe tun daga kwali don bod ɗinsu ya fi na kishiya lamba a gwaji. Intel ta fitar da gyaran 0x129 a watan Agusta, da 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a garantin furosesoshin. Amma lura da wannan: gyaran ba ya isowa gare ka sai ta hannun kamfanin bod ɗinka, sai ya saka shi a sabon bayos ya ɗora a shafinsa. In kamfanin ya yi watsi da samfurinka, ko ya yi wata da watanni bai waiwaye shi ba, furosesarka ce ke biyan bashin.

Shi ya sa kafin in ba kowa shawara a kan bod, abin da nake fara yi shi ne in buɗe shafin kamfanin, in shiga sashen tallafi na wannan samfurin, in dubi jerin bayos da ranakunsu. Minti biyar ne amma yana faɗin gaskiyar da kwali ba zai faɗa ba. Bod ɗin da ya shekara biyu a kasuwa kuma kana ganin sabuntawa a kai a kai, da bayanin abin da aka gyara, wannan ana kula da shi. Wanda kuwa tun fitowarsa sau biyu aka taɓa shi, ka yi hattara. Har ila yau nakan dubi tsohon bod na kamfanin mai shekara biyar, in ga ko har yanzu suna tuna shi, don yadda suka yi wa na jiya haka za su yi wa naka.

Labarin soket AM4 ya isa misali a kan amfanin wannan. AMD ta fito da shi a 2016, Ryzen na farko ya hau kansa a 2017. Wanda ya sayi bod B450 mai kyau a 2018, a 2022 ya iya sabunta bayos ya ɗora Ryzen 7 5800X3D, kwamfutarsa ta koma sabuwa ba tare da ya canza bod ko ram ba. Amma ba a banza aka kai nan ba, a 2020 AMD ta fara cewa Ryzen 5000 ba zai yi aiki a bod masu cifset jerin 400 irin su B450 ba, jama'a suka yi caa sannan ta janye, su B350 da X370 ma sai 2022 suka samu a hukumance. Wani ɓangare na matsalar shi ne ƙwaƙwalwar bayos a bod da yawa megabait 16 ce kacal, ba ta iya ɗaukar bayanan duk furosesoshin, har sai da aka riƙa cire tsofaffi don sababbi su samu wuri. MSI ma sake fitar da wasu bod ɗinta ta yi da lakabin MAX masu megabait 32. Ɗan guntun da ba wanda ke tambaya a kansa ranar saye, shi ya zo yana yanke wa bod tsawon rai. Yanzu AM5 ne ke ci, tun 2022, ram samfurin DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma AMD ta ce za ta riƙe shi har 2027 ko fiye. Intel ta fi saurin canza soket, LGA1700 ya ɗauki zubi uku, a 2024 aka koma LGA1851.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa kar ya sayi bod babu shi, shi ne maɓallin sabunta bayos ba tare da furosesa ba. ASUS da ASRock suna kiransa BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Ɗan maɓalli ne a bayan bod kusa da ramukan USB, ka zuba fayil a filasha, ka soka a ramin da aka yi wa alama, ka haɗa wuta ka danna, wata 'yar fitila ta yi ta ƙiftawa har ta gama. Amfaninsa biyu. In ka sayi sabuwar furosesa amma bod ɗin ya daɗe a ajiye da tsohon bayos, ba zai tashi ba sam, da wannan maɓallin za ka fita kunya. In kuma wuta ta ɗauke kana tsakar sabuntawa bayos ya lalace, sau da yawa da shi ake ceto bod ɗin. Haka 'yan fitilun nan huɗu da aka rubuta wa CPU, DRAM, VGA da BOOT, ranar da kwamfuta ta ƙi kawo hoto su za su nuna maka inda ta tsaya maimakon ka yi ta lalube cikin duhu.

Ram ma akwai magana. Kowane bod yana da jerin ram ɗin da kamfani ya gwada a kansa, QVL ake ce masa, yana nan a shafin tallafi. Ba dole ne sai wanda ke jerin zai yi aiki ba, amma in naka na ciki ka rage wa kanka ciwon kai, musamman a DDR5 da kuma in kana son cike ramuka huɗu, don ram huɗu sun fi biyu wahalar daidaitawa a babban gudu. Kuma a kula, bod ɗin LGA1700 akwai na DDR4 akwai na DDR5, sunansu kusan ɗaya, ramin kuma ba ya karɓar ɗan'uwansa.

Sauran ƙananan abubuwa a gurguje. Guntun sauti da na intanet galibi na Realtek ne ko Intel, ALC897 shi ne na ƙasa a sauti, ALC1220 da ALC4080 sun fi shi. Guntun intanet na Intel I225-V zubinsa na farko ya yi fama da yankewa, kuma ya shiga bod ɗin kamfanoni daban-daban, nan ma ka ga laifin ba na tambarin kwali ba ne. Ka sauko da littafin bod ɗin ka karanta shafin ramukan M.2, inda ake soka ƙaramin SSD, don a wasu bod in ka soka SSD a rami na biyu wasu bakunan SATA, inda ake haɗa faifan ajiya da waya, suna daina aiki. Ka dubi lambar zubi da ake bugawa a gefen allo, kamar Rev 1.0 ko 1.2, Gigabyte ta fi kowa yin wannan, wani lokacin suna ɗaya amma an canza guntun waifai ko wani abu, bayos ɗin ma daban. Girma kuma uku ne sanannu, ATX milimita 305 da 244, microATX 244 da 244, Mini-ITX 170 da 170, ka tabbata gidan kwamfutarka zai ɗauka.

To in aka matsa min sai na faɗi ra'ayina a kan kowanne fa? ASUS bayos ɗinta ya fi min daɗin sha'ani kuma yana da zaɓuɓɓuka da yawa, amma sau da yawa akwai kuɗin suna a cikin abin da kake biya, kuma na can ƙasanta ba su fi na kowa ba. MSI ta yi suna a tsakiya, jerin Tomahawk da Mortar tun zamanin B450 mutane ke yaba musu a kan VRM. Gigabyte tana yawan ba da kayan wuta masu kauri a bod na tsakiya, sai dai ka sa ido a kan lambar zubi. ASRock takan ba ka ramuka da kayan aiki fiye da abin da ka biya, amma in Ryzen 9000 za ka ɗora ka fara sabunta bayos kafin komai. Wannan ra'ayi ne na yau, zubi na gaba yana iya juya jerin, don kamfani kan yi fice a wani cifset ya yi rauni a na bayansa. Duk wanda ka zaɓa, ka shiga bayos ka kashe zaɓin da ke dasa manhajar kamfani a Windows da kansa in ba ka buƙatarta.

Akwai kuma bod marasa sanannen suna da ke cika shagunan intanet, musamman masu lakabin X79 da X99 da ake haɗawa da tsofaffin furosesoshin Xeon. Da yawansu da cifset ɗin da aka ciro daga matattun bod ake ƙera su, bayos ba mai sabunta shi, takarda babu, garanti sai dai a baki. Mai son gwaje-gwaje wanda ya san abin da yake yi zai iya wasa da su, amma kwamfutar da kake neman abin kanka da ita, araha ba ta ado. Na hannu kuma daga babban kamfani ba laifi ba ne in za ka gan shi yana aiki da idonka, ka gwada kowane ramin ram, kowane USB, ka haska soket da tocila. Saye ba gwaji cinikin biri a sama ne. Sannan bod ɗin da aka ciro daga haɗaɗɗun kwamfutocin ofis irin na Dell ko HP sau da yawa bakin wutarsu da ramukan kusoshinsu nasu ne na kansu, ba sa shiga gidan kwamfuta na gama-gari.

Garanti shi ne na ƙarshe, kuma nan ma sunan kamfani bai isa ba. Manyan nan galibi shekara uku suke bayarwa, amma sharuɗɗan suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma abin tambaya shi ne in ya lalace wa za ka kai wa, mai shagon ne zai karɓa ko sai ka aika wata ƙasa da kuɗinka. Kamfanin da ke da wakili kusa da kai ya fi maka wanda ake yabo a intanet amma ba ka da hanyar isa gare shi.

Abin da ya fi jawo rigima a garanti kuwa shi ne alluran soket. A bod ɗin Intel da na AM5 alluran a jikin bod suke, 1700 a LGA1700, 1718 a AM5, sirara kamar gashi, duk a kishingiɗe a jere. In ka haska su ta gefe za ka ga suna ƙyalli bai ɗaya kamar karan-miski, in ɗaya ta lanƙwashe sai ka ga ɗigon haske ko duhu a wurin da bai dace ba. Allura ɗaya tak tana iya kashe ramin ram biyu ko ta hana kwamfuta tashi, kuma kamfanoni galibi suna ɗaukar wannan a matsayin ɓarnar mai saye, ba sa gyarawa kyauta. Don haka ranar da bod ya iso hannunka, kafin ka ɗora komai, ɗaga murfin ka ɗauki hoton soket ɗin da wayarka a wuri mai haske. Ka fara haɗa furosesa da ram ɗaya a kan kwalin bod ɗin a waje, ka ga ya kawo hoto kafin ka ɗaure shi da kusoshi a cikin gida. Wannan baƙar robar da ke rufe soket, wadda ke fitowa da kanta in ka danne hannun ƙarfen, kar ka jefar da ita, saka ta cikin kwalin tare da rasit, don in ta kama za a mayar da bod ɗin kamfanoni da yawa sai da ita a kan soket suke karɓa.